Hausa a Fagen Binciken Noma: Tsara Gwajin Shuke-shuken Rufe Ƙasa a Batsari da Safana

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya kammala karatun Hausa a kwalejin ilimi zai tarar da ayyuka da dama suna jiransa a makarantar da aka tura shi, ban da koyar da nahawu da adabi. A ƙauyuka da yawa malamin Hausa ne ake nema ya yi tafinta idan baƙi masu harkar noma sun zo, shi ne yake karanta wa iyayen yara takardar iri ko ta taki, kuma sau da yawa shi ake danƙa wa gonar makaranta idan babu malamin kimiyyar noma. Wannan darasi zai ɗauki wani ɓangare na binciken kimiyya, wato tsara gwaji a gona, ya bayyana shi da Hausa tun daga tushe, tare da duba kalmomin da suka dace da kowane mataki. An zaɓi gwajin shuke-shuken rufe ƙasa a ƙananan hukumomin Batsari da Safana ne domin a nan ne ake iya ganin yadda tsarin da aka kwaso daga littafi yake cin karo da halin da manomi yake ciki, da kuma irin gyaran da dole a yi masa kafin ya ba da amsar da za a dogara da ita.

1.1 Yanayin wurin

Batsari, wadda take cikin tsohuwar ƙasar Ruma, da maƙwabciyarta Safana, suna yammacin Jihar Katsina ne, a gefen Dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Jihar Zamfara. Damina a wannan yanki gajeriya ce. Ruwa yakan zauna sosai daga watan Yuni zuwa Satumba, sa'an nan rani ya biyo baya na tsawon wata bakwai ko fiye. Yawancin gonakin tudu jigawa ce mai yashi, wadda ba ta riƙe ruwa ko taki, ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa a cikinta, galibi a haɗe a gona guda.

A da manomi yakan bar gona ta huta shekaru kaɗan idan ta gaji, abin da ake kira saura. Ƙaruwar jama'a ta rage wannan dama, sa'an nan hare-haren 'yan bindiga, waɗanda suka tsananta a yankin daga wajajen shekarar 2019, suka tilasta wa mutane da yawa barin gonakin daji suka tattaru a kan 'yan gonakin bakin gari. Takin zamani kuma, da kamfa da yuriya, ya yi tsada ƙwarai tun daga 2022, tsadar ta ƙaru bayan cire tallafin man fetur a 2023. Ke nan gonar da ta fi shan wahala ita ce ba ta samun hutu, kuma ita ce ba ta samun isasshen taki. Wannan shi ne dalilin da ya sa batun shukar da za ta ciyar da ƙasa da kanta yake da muhimmanci, shi ne kuma dalilin da ya sa shawarar da ba a gwada ba take da haɗari. Wanda ya sa magidanci ya ba da sulusin gonarsa ga shukar da ba ta amfane shi ba, rumbunsa ya taɓa.

1.2 Ma'anar shukar rufe ƙasa

Shukar rufe ƙasa ita ce wadda ake shukawa domin ta yaɗu ta lulluɓe doron ƙasa, ta kāre shi daga dukan ruwa da zafin rana da kwasar iska, ta danne ciyawa, sa'an nan ganyenta ya ruɓe ya zama taki. Mafi yawansu dangin wake ne, saboda a saiwar irin waɗannan tsirrai akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle inda ƙwayoyin bakteriya suke zaune suna janyo sinadarin naitirojin daga iska, wato sinadarin da manomi yake saye a cikin buhun yuriya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, ko da yake bai raɗa masa suna na musamman ba. Wake mai yaɗo, irin su ɗan'ila da kanannado, da ake jefawa a tsakanin kunyoyin gero, da kabewa da duma da guna, duk suna yin wannan aiki. Binciken da David Norman ya gudanar a ƙauyukan Zariya daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a shekarun 1960 da 1970 ya nuna cewa haɗa amfani iri-iri a gona guda, wanda wasu ma'aikatan gona na lokacin suke yi wa kallon rashin wayewa, dabara ce mai riba wadda take rage wa manomi asara. Abin da masu bincike suka ƙaro daga baya shi ne wasu tsirrai na musamman, kamar lablab, wanda harawarsa take da kyau ga dabbobi, da kuma nau'in karara da ake nomawa, wanda ba shi da ƙaiƙayin ta daji. Karara ta karɓu a kudancin Jamhuriyar Benin tun daga ƙarshen shekarun 1980, inda manoma suka riƙa kashe tofa da ita. Sai dai can damina biyu ake yi a shekara, kuma tofa ce babbar matsalarsu. Nasarar da aka samu a can ba ta zama hujja ga manomin Wagini ko na Runka ba, har sai an gwada a ƙasarsa.

1.3 Tambaya da abin kwatanci

Kowane gwaji amsa ce ga tambaya guda, kuma idan tambayar ba ta fito sarai ba, babu yawan awon da zai gyara ta. Jumla irin “Ko lablab yana da amfani?” ba ta isa tambayar bincike ba, domin ba ta faɗi amfani ga wa ba, ba ta faɗi a kan me za a auna shi ba, ba ta kuma faɗi yaushe ba. A gwada ta da wannan: “Idan aka shuka lablab a cikin gero bana, shin geron baɗi zai fi na gonar da aka haɗa gero da waken gida yawa?” A cikin jumla ta biyu akwai abin da za a yi, da abin da za a kwatanta shi da shi, da abin da za a auna, da lokacin awon. Malamin harshe ya kamata ya fi kowa saurin gane wannan bambanci, tunda aikinsa ne tantance jumlar da ta cika da wadda ta rage saura.

Hanyoyin da ake gwadawa a nan za a kira su salo. Wasu masu fassara sukan ce magani ko jiyya, saboda sun bi kalmar Ingilishi sau da ƙafa, alhali manomin da ya ji “magani” feshi zai kawo a ransa. Ƙaramin yankin gonar da ake yi wa salo guda kuma za a kira shi fegi. Kalmar aro ce daga Ingilishi, asalinta turken da ake kafawa a kan iyaka, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Komi da fangali na lambu ne, suna ɗauke da ma'anar ban-ruwa, don haka ba su dace da gonar damina ba.

A cikin salon da za a gwada dole a sami wanda za a riƙa auna saura da shi, wato fegin kwatanci. A kula, wannan ba shi ne “zakaran gwajin dafi” ba. Zakaran shi ake ɗora wa sabon abu a gani, fegin kwatanci kuwa shi ne wanda ba a sauya masa komai ba. A nan ne gwaje-gwajen rufe ƙasa da yawa suke yin tuntuɓe. Mai bincike yakan kwatanta sabuwar shukarsa da fegin da aka bari fayau, ko da gero shi kaɗai, sai sakamako ya fito da kyau har a yi ta murna. Amma manomin Batsari ba ya barin gonar bakin gari fayau, kuma ba kasafai yake shuka gero ba tare da wake ba. Idan lablab ya ɗara ƙasa tsirara amma bai ɗara waken gida ba, to manomi bai ga dalilin sauya abin da ya gada ba, kuma gaskiyarsa. Saboda haka abin da manoman wurin suka saba yi shi ne babban abin kwatanci, kuma hanyar saninsa ita ce a je a tambaye su kafin a buga turke ko ɗaya.

Bisa wannan, ana iya tsayar da salo huɗu a shekarar farko: gero shi kaɗai; gero da waken gida kamar yadda aka saba; gero da lablab; gero da karara. Na farko yana nan ne domin a san abin da dangin wake gaba ɗaya suke ƙarawa, na biyu kuwa domin a san ko baƙin tsirran sun fi na gida. Lablab da karara suna da ƙarfin yaɗo da hawa, don haka akan jinkirta shuka su sai gero ya yi makonni ya kafu, kuma ranar da aka zaɓa dole ta zama ɗaya a duk fegogin.

1.4 Ƙa'idoji uku na tsari

Tsarin gwajin gona na zamani ya samo asali ne daga tashar bincike ta Rothamsted a Ingila. A can ne John Lawes da Henry Gilbert suka fara wani gwajin taki a kan alkama a 1843, wanda har yanzu ake ci gaba da shi. Ronald Fisher, masanin lissafi da ya kama aiki a tashar a 1919, shi ne ya lura cewa bambancin da ake gani tsakanin fegi da fegi yana iya zama na ƙasar ce tun asali, ba na abin da aka zuba mata ba. Ya shimfiɗa ƙa'idojin magance wannan a rubuce-rubucensa na shekarun 1920 da littafinsa na 1935 a kan tsara gwaje-gwaje.

Ƙa'ida ta farko ita ce maimaitawa, wato kowane salo ya bayyana a fegi fiye da ɗaya. Shaidar mutum guda ba ta yanke hukunci, haka ma fegi guda. A gonar makaranta sau huɗu ya wadatar. A guji kiran wannan “maimai” a gaban manoma, domin a wurinsu maimai noma na biyu ne.

Ta biyu ita ce rarraba gona rukuni-rukuni, kuma ita ce ta fi buƙatar idon wanda ya san ƙasa. Babu gonar da take bai ɗaya daga wannan kai zuwa wancan. Akwai gangare inda danshi yake daɗewa, akwai fako inda ruwa yake gudu ya bar shuka da ƙishi, akwai tsohon shuri, akwai inda aka taɓa kwantar da shanu ko aka jibge juji. Akwai kuma gawo, wanda yake zubar da ganye da damina, dabbobi su sha inuwarsa da rani su bar kashi, har geron ƙarƙashinsa ya fi na sarari kyau ko ba a yi masa komai ba. Abin da ake yi shi ne a raba gonar kashi huɗu ta yadda ƙasar da ke cikin kowane kashi ta yi kama da juna gwargwadon iko, sa'an nan a sa dukkan salo huɗun a cikin kowane kashi. Idan gonar tana da gangare, rukunan za su kwanta a gicciye ne, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasansa, har zuwa gindi, domin fegogin rukuni guda su kasance a tudu ɗaya. Gawo da shuri kuwa a kauce musu baki ɗaya in da hali. Mai gonar, ko dattijon da ya daɗe yana nomanta, ya fi kowane baƙo sanin inda waɗannan wurare suke, kuma yawo guda tare da shi kafin saukar ruwa yana hana ɓarnar shekara biyu.

Ta uku ita ce ƙuri'a. Kalmar a yau ta fi tafiya da zaɓen siyasa, amma tsohuwar ma'anarta, wadda aka aro tare da ita daga Larabci, ita ce fitar da rabo ba tare da zaɓin kowa ba, kuma wannan ake nufi a nan. A rubuta sunan kowane salo a 'yar takarda, a nannaɗe, a zuba a hula, a sa yaro ya ɗauko ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fara fitowa shi ne na fegin farko, haka har huɗun su ƙare, sa'an nan a sāke sabuwar ƙuri'a a rukuni na gaba. Hikimar wannan ita ce kāre gwajin daga mai gwajin kansa. Wanda ya ɗauko irin lablab daga Zariya da kuɗinsa yana fatan ya yi kyau, kuma ko bai yi niyya ba hannunsa zai kai shi inda ƙasa ta fi baƙi. Idan ƙuri'a ta fito da tsarin da bai yi wa malami daɗi ba, ba a sāke ta.

1.5 Awon fili

A ɗauka tazarar kunya da kunya santimita 75 ce, kamar yadda aka saba a gonakin bincike. Fegi mai kunya 6 zai yi fāɗin mita 4.5, a ba shi tsawon mita 12, saboda dalilin da za a gani a sashe na gaba. A bar hanya mai fāɗin mita 1.5 tsakanin fegi da fegi, da mita 2 tsakanin rukuni da rukuni. Wannan hanya ba ta ado ba ce. Karara da lablab ba su san iyaka ba, kuma sai an riƙa mai da yaɗonsu cikin feginsu duk mako, in ba haka ba su ciyar da fegin kwatanci su ɓata lissafi. Gaba ɗaya fegi 16 za su ci fili mai fāɗin mita 22.5 da tsawon mita 54, wato murabba'in mita 1,215, kimanin kashi ɗaya cikin takwas na hekta. Gonar firamare da yawa za ta iya ɗaukar wannan.

Duk abin da ba shi ake gwadawa ba dole ya zama iri ɗaya: irin gero, ranar shuka, yawan tsiron da aka bari a rami, ranar noma, da takin da aka sa. Ƙasar jigawa tana da ƙarancin sinadarin fosfaras, kuma dangin wake ba sa yin ƙarfi in babu shi, don haka idan za a sa takin supa, a sa wa kowane fegi daidai wa daida, har da wanda babu wake a cikinsa. Idan aikin rana guda ba zai game gonar ba, a gama rukuni sukutum kafin a tashi, kada a tsaya a tsakiyarsa.

1.6 Abin da rani yake yi wa gwaji

Hausawa sukan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma shukar rufe ƙasa ba ta bin wannan karin magana. Fegin da ya yi kore shar a watan Agusta yana iya rage geron bana saboda gasar ruwa da haske, alhali amfanin da ake nema daga gare shi sai a damina ta gaba zai bayyana, in zai bayyana. Ke nan gwajin na shekara biyu ne a ƙalla. A shekara ta biyu gero zalla za a shuka a dukkan fegogin, a daidai inda suke bara, domin duk bambancin da aka gani ya zama gādon abin da aka shuka a shekarar farko. Wannan yana buƙatar turaku masu ƙarko a kusurwoyi da kuma taswirar gonar a takarda, domin turken icce gara takan cinye shi ko mai neman makamashi ya tuge shi.

Tsakanin daminar farko da ta biyu kuwa akwai wata bakwai na rani, kuma a nan ne littattafan da aka rubuta don ƙasashe masu yawan ruwa suke yin shiru. A can ana ɗauka cewa ganyen zai zauna a gona ya ruɓe. A yammacin Katsina da zarar an kawar da amfani sai a saki dabbobi, na gari da na makiyaya, su bi gonaki suna kiwo. Abin da suka rage gara ta ci, iskar hunturu ta kwashe, wani lokaci wuta ta lashe. Fiye da haka, harawa dukiya ce. Manomi yakan naɗe ta ya ɗora a kan bishiya ko rufin ɗaki, ya ciyar da tumakinsa ko ya sayar da ita a ƙarshen rani lokacin da ta yi daraja. Cewa ya bar ta a gona daidai yake da cewa ya bar kuɗi a ƙasa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa B. B. Singh da abokan aikinsa a tashar Kano ta Cibiyar Binciken Noman Ƙasashe Masu Zafi, wadda hedikwatarta take Ibadan, suka mai da hankali ga wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, da tsarin layi biyu na hatsi da layi huɗu na wake. Karara kuwa, wadda ba a cin 'ya'yanta sai an yi musu doguwar sarrafawa saboda wani sinadari mai cutarwa da ke cikinsu, ba ta da wannan farin jini.

Saboda haka makomar ganyen da rani wani ɓangare ne na tambayar, kuma dole a shigar da ita cikin tsari. Dalilin ba fegi tsawon mita 12 ke nan: bayan girbi a raba kowane fegi biyu, mita shida-shida, a kwashe harawar rabi ɗaya a auna ta, a bar ta ɗaya rabin a kwance, kuma ƙuri'a ce za ta nuna rabin da za a kwashe. Wannan shi ake kira fegi cikin fegi. Sai an kewaye gonar gwajin duka da shingen ƙaya ko darni kafin wannan ya yiwu. Kuskure ne a kewaye rabin da aka bar wa ganye kaɗai, domin a lokacin rabin biyu sun bambanta ta fuska biyu: ɗaya yana da ganye amma babu kashin dabbobi, ɗaya babu ganye amma dabbobi sun taka shi sun yi masa taki, kuma ba za a san wanne ne ya jawo bambancin ba. Wajibi ne kuma a faɗa a cikin rahoto cewa an yi shinge, tare da abin da ya ci na kuɗi da aiki, tunda manomin da zai kwaikwayi salon shi ma sai ya yi nasa.

1.7 Awo da rubutawa

Ba a girbe fegi duka don awo. Kunyoyin gefe suna samun sarari da hasken da na tsakiya ba sa samu, don haka a bar kunya ɗaya a kowane gefe da rabin mita a kowane kai. Abin da ya rage a kowane rabin fegi shi ne kunya 4 masu tsawon mita 5, wato murabba'in mita 15. A sussuke geron, a shanya ya bushe sosai, a auna da sikeli. Dami da tiya ba su da amfani a nan, domin girmansu yana sauyawa daga hannu zuwa hannu da kasuwa zuwa kasuwa. Idan aka sami kilo 1.2 a wannan fili, daidai yake da kilo 800 a hekta. Wannan lissafi yana nuna wani abin tsoro: giram 100 kacal da tsuntsu ya ci ko ya zube a masussuka ya kai kusan kilo 67 a hekta.

Ga misalin ƙaddarawa domin a ga amfanin rukuni. A ce a shekara ta biyu fegogin waken gida sun ba da kilo 1.0 da 1.4 da 0.9 da 1.3 a rukuni na ɗaya zuwa na huɗu, na lablab kuma suka ba da 1.2 da 1.5 da 1.0 da 1.5. Wanda ya kwatanta fegin waken gida na rukuni na biyu da fegin lablab na rukuni na uku kawai zai rantse cewa lablab yana rage amfani. Wanda ya bi rukuni-rukuni kuwa zai ga lablab ya ɗara a dukkan huɗun, da matsakaicin kilo 0.15, wato kimanin buhu guda a hekta. Ko da haka magana ba ta ƙare ba, sai an ɗora wannan buhu a kan sikeli ɗaya da waken ci da manomin ya rasa a shekarar farko, da harawar da ya samu ko ya bari.

Ban da nauyin gero, akwai awo biyu da yaran aji biyar za su iya yi. Na farko shi ne yawan rufin ƙasa: a ƙulla igiya ƙulli 50 a tazara ɗaya, a miƙe ta daga kusurwa zuwa kusurwa, a ƙirga ƙullin da suka faɗa a kan ganye, a ninka biyu, an sami kashi cikin ɗari. Na biyu shi ne ƙirga ƙuduji, wanda ake kuma kira wuta-wuta, a kowane fegi a shekarun biyu. A lura cewa wanda yake kama gero da dawa daban yake da wanda yake kama wake, don haka a ƙirga su daban. A kuma ajiye ma'aunin ruwan sama a gonar, a rubuta abin da ya sauka kullum, domin ruwan wannan yanki yakan sauka a unguwa ɗaya ya tsallake ta kusa da ita.

Littafin rubutu na takarda shi ne uwar ajiya, ko da ana amfani da waya. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, saboda matsalar tsaro, kuma duk bayanin da ya dogara da intanet a lokacin ya tsaya. A cikin littafin a kula da karin harshe. A Katsinanci “hatsi” gero ake nufi, alhali a Kananci ya ƙunshi dawa da sauransu. Haka kuma a wasu sassan yamma “gujiya” gyaɗa ce, a gabas kuwa gurjiya wata aba ce daban. A rubuta kalmar manomi yadda ya faɗe ta, a sa ta daidaitacciyar Hausa a gefenta.

1.8 Gwajin uwa da 'ya'ya

Gona guda, komai kyan tsarinta, labarin ƙasarta kaɗai take bayarwa. A ƙarshen shekarun 1990 Sieglinde Snapp ta ɓullo da wani tsari a Malawi, a kan dangin wake masu gyara ƙasa, wanda ake kira uwa da 'ya'ya. Uwa ita ce cikakkiyar gonar gwaji mai dukkan salo da maimaitawa, kamar wadda aka bayyana a sama. 'Ya'ya kuwa gonakin manoma ne, inda kowannensu yake ɗaukar salo biyu ko uku ya gwada su kusa da abin da ya saba, ya kula da su da kansa. A nan kowace gona tana matsayin rukuni guda. Tsarin ya dace da wurin da zirga-zirga take da wuya, tunda uwa tana iya zama a gonar makaranta a cikin gari, 'ya'ya kuma a hannun iyayen yara, babu wanda aka tura inda zai sa ransa cikin haɗari saboda awo. A gonakin 'ya'ya ne ake jin abin da sikeli ba ya faɗa: ko yaɗon ya hana noma, ko awaki sun ci harawar ko sun ƙi ta, ko matan gida sun ga waken ci ya ragu a tukunya. Manomin da ya ce ba zai sāke shuka wani salo ba, a rubuta dalilinsa da kalmominsa.

1.9 Jinga

Ɗalibi ya zana taswirar wata gona da ya sani, ya nuna gangarenta da bishiyoyinta da duk wurin da ƙasarta ta sauya, sa'an nan ya shimfiɗa rukuni huɗu a kanta, ya bayyana dalilin inda ya sa kowanne.

Ya tattauna da manoma biyu na garinsu a kan abin da suke yi da harawa daga kaka zuwa bazara, ya rubuta kalmomin noma goma da ya ji daga bakinsu waɗanda ba su zo a wannan darasi ba, tare da ma'anarsu.

Wani malami ya shuka lablab a ƙarƙashin gawo, ya shuka waken gida a bakin hanya, ya auna geron shekarar da dami, ya sanar a taron iyayen yara cewa lablab ya ninka amfani. Ɗalibi ya rubuta masa wasiƙa mai ladabi, wadda ba ta wuce shafi guda ba, ya nuna masa inda tsarinsa ya karkace da yadda zai gyara a damina mai zuwa.